Jan Fenti a Bakin Maƙabarta

Ni na kai mutanen jami'a a kwalekwalena ranar da suka kafa turken ƙarfe a bakin maƙabartarmu. Cibiyarsu ta binciken yanayi ce ta turo su daga birni. Shugabarsu, Bu Wulan, ta shafa wa turken jan fenti daidai ƙuguna, ta ce, "Pak Sarkowi, nan da shekara goma teku zai kai nan. Duk mai mamaci a wurin nan ya fara shirin mai da shi tudu."

Uwarmu na binne a wurin. Mak muke ce mata.

Na gaya wa yayana, Mas Parjo, ya ja tsaki. "Shekara goma? Kai da tarin tabar nan naka ma ba kaiwa za ka yi ba. A bar tsohuwa ta huta inda ta zaɓa."

Na bar maganar. Ruwa ba baƙonmu ba ne. Mun yi ta cika ɗakunanmu da ƙasa don daɓe ya fi ruwa tudu, har ta kai sai mun sunkuya muke shiga ƙofa.

Ba a yi shekara uku ba. Gab da azumi muka sayi furanni za mu je mu watsa a kabarin Mak kamar yadda muka saba. Muka jira ruwa ya janye, sannan muka tura kwalekwale. Ruwa dai ya janye, amma maƙabarta ba ta fito ba. Sai kawunan duwatsun kaburbura nan da can, duk sun karkace. Jan fentin kuwa, ruwa na lasarsa.

"Wani ɗan iska ne ya danna turken," in ji Mas Parjo.

"Da me zai danna shi, Mas? Da kansa?"

Na kira Bu Wulan a waya na gaya mata. Sai ta tambaye ni:

"Kun tabbata ruwa ya gama janyewa?"

"Bu, a ruwan nan aka haife ni."

"To ba teku kaɗai ke hawa ba. Ƙasar ce ke nutsewa da turken gaba ɗaya, fiye da yadda muka auna. Kada ku jira bayan salla."

Muryarta na rawa. Wannan ne ya tsinka min zuciya, ba ruwan ba.

Mas Parjo ya tuɓe riga ya shiga ruwa, yana laluben laka da ƙafa. Duk dutsen da ya taɓa, sunan ya cinye. Can ya juyo.

"Sarkowi, dama da bishiyar take ko hagu?"

Bishiyar da muke gane kabarin Mak da ita, gishiri ya kashe ta tuni, ko kututture babu. Na duba dama, na duba hagu, duk ruwa ɗaya ne.

Muka watsa furannin inda muke zato. Ruwa ya fara dawowa, ya kwashe su ya nufi cikin gari, ta layin gidajenmu.