Kazar da Aka Tsoma a Ruwa

Casilda tana juya ƙwai na shida aka ɗauke wuta. Fitilar da ke cikin tsohon firjin ta yi ja ta mutu, 'yar fankar da ke samanta ta ƙara zagaye biyu ta tsaya. Casilda ta laluba ta juya sauran ukun, ta tura ƙofar firjin, ta jingina goshinta a jikinsa.

Ƙarfe tara na safe ke nan. A unguwarsu ta bayan garin Holguín, in aka ɗauke wuta da safe, wata rana ta dawo da azahar, wata rana sai gobe. Mutane sun daina ma tambaya.

Firjin nan mijinta Evaristo ne ya mayar da shi abin ƙyanƙyasa, bayan ya bar aiki a masana'antar sukari. Ya cire masa inji, ya sa fitila da fanka da kwanon ruwa, ya rataye ma'aunin zafi da zare. Ba don sayarwa yake kiwo ba, sha'awa ce kawai. Wasu kaji ne masu jan wuya ba gashi, munana kamar ungulu, da ya samo irinsu daga ƙauyen kakarsa, yake ji da su kamar shi ya haife su. To, a watan Fabrairu Allah ya yi masa rasuwa. Bayansa ciwo ya shiga akurki ya kwashe rabi, tunku ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Zakaran ya tafi, kaza ta ƙarshe ta bi shi bayan kwana goma. Abin da ya rage na irin kajin Evaristo shi ne ƙwai taran nan, yau kwanansu goma sha takwas a firji, saura uku su fashe.

Kwana goma sha takwas tana juya su sau uku a rana, yadda ta ga yana yi: gefe ɗaya alamar gicciye da fensir, ɗaya gefen da'ira, don kada a manta wanda aka juya. In aka ɗauke wuta sai ta hura gawayi, ta tafasa ruwa, ta ɗura a kwalabe, ta naɗe su da tsumma ta jera a ƙasan firjin, bayan awa biyu ta sake. Shekararta sittin da tara, bayanta kuwa ya daɗe da gaya mata ya gaji.

Yau da ta zazzage buhun gawayi, abin da ya faɗo bai cika tafin hannu biyu ba. Mai kawowa a keken doki bai leƙo ba tun ranar Litinin. Ta tafasa tukunya ɗaya, shi ke nan. Kafin sha biyu kwalaben sun huce. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ɗora a kan fatar idonta, kamar yadda marigayin ke gwadawa, ta ji ɗumin ya fara guduwa.

Tana tsaye a ƙofar baya sai ta jiyo ƙuk-ƙuk ɗin kaza mai kwanci daga hayin shinge, gidan Onelia. Nan take ta tuna abin da bakinta ya faɗa. Kwana uku da suka wuce maƙwabciyar tata ta leƙo tana ƙorafi, wai kazarta wake-wake ta daina ƙwai, ta naɗe a gurbi ba komai a ƙarƙashinta, wanda ya matso ta sare shi. Casilda ce da kanta ta ce a tsoma ta a ruwan sanyi kowace safiya, a kifa mata kwando a kan siminti, kwana uku kwancin zai sake ta. Har ta ƙara da cewa a wannan zamani wa yake jiran kaza.

Ta shimfiɗa tsohuwar rigar Evaristo a kwano, ta jera ƙwan, ta rufe, ta bi ta ɓarakar shingen da ke gindin gwaiba.

Onelia tana zaune a kujerar lilo tana tsince baƙin wake. Mace ce mai jiki da yawan dariya, ta girmi Casilda da shekara biyu amma kullum sai ta ce ƙarya ne. Ta kalli kwanon, ta kalli mai kwanon.

"A'a, matar injiniya. Injin ne ya yi yaji?"

"Ara mini kazarki, Onelia."

"Wace? Wadda kika ce in yi wa wanka? Ɗazun nan na yi mata na uku. Je ki gani, fes take kamar mai zuwa coci."

Suka ɗaga kwandon. Kazar tana tsaye a jiƙe, gashinta a manne, tana hararar su. Onelia ta ce jiya ta ga ta fara tsattsagar ƙasa kamar sauran kaji, wataƙila maganin ya ci. Ta faɗa ba da mugunta ba, amma ba ta bar zancen ya wuce ba: ta ce shawarar masu ilimi ai ba ta faɗuwa ƙasa.

Duk da haka ita ta ɗauko tawul. Suka goge kazar su biyu, tana fizge-fizge, har ta sari Casilda a bayan hannu. Onelia ta jawo tsohon baho zuwa lungun rumfar itace inda ba haske, ta zuba busasshen ganyen ayaba, ta cusa tsohuwar ƙusa da guntun gawayi a ƙasa saboda tsawa, kada ta kashe 'yan tsaki a cikin ɓawo. Evaristo ya sha yi wa wannan abu dariya. Casilda ta kalla, ta jera ƙwan.

Suka ɗora kazar. Ta tsaya a kansu ƙiƙam, ta dubi hagu ta dubi dama, ta tsallake ta fice. Suka kamo ta. Ta sake fita, wannan karon har bakin rijiya. Karo na uku Onelia ta yafa buhu a rabin bahon, ta ce su bar ta, kaza ba ta son a zuba mata ido, kamar dai mutum.

Suka zauna a kan benci daga nesa. Rana ta take. Onelia ta kawo kofin da ta dafa da itace tun safe, ya huce, suka sha a haka. Ta yi zancen layin burodi, ta yi zancen gwiwarta, ta yi zancen 'yarta da ke Santiago da ba ta kira sai tana son abu. Casilda tana jin ta sama-sama. Daga inda take tana hango ƙafafun kazar, har yanzu a tsaye.

"Ni fa ban taɓa son kajin nan ba," in ji Casilda, ba ta juyo ba. "Shekara goma sha ɗaya suna ɓata mini tsakar gida. Yau da aka ɗauke wutar nan, kin san abin da na fara ji? Daɗi. Na ce to, su mutu, ba laifina ba ne."

Onelia ta juya kofin a hannu.

"Kika kuma kwaso su a rigarsa kika tsallako shinge da wannan bayan naki. Ke dai sha kofinki, tsohuwa."

Can sai suka ji sautin ya canza, ya koma ƙasa-ƙasa, daga maƙogwaro. Kazar ta sunkuya, ta sa baki ta jawo ƙwai ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta, ta jawo wani. Ta girgiza jiki, ta baje fukafukai, ta sauka a hankali kamar mai zama a kan kujerar da ta daɗe da sani. Jim kaɗan ta turo ɗaya waje da baki. Casilda ta je ta ɗauka, ta kai kunne ta girgiza, ta ji ruwa na motsi. Bara-gurbi ne. Kwana goma sha takwas tana juya shi sau uku a rana.

Onelia ta tuna mata al'ada, wai kada a zo ana kallon-kallo daga baya: ƙwai na wani, kaza ta wani, abin da aka ƙyanƙyashe raba daidai. Kuma duka za su bi uwarsu a nan tsakar gidan har ta yaye su, ba mai raba su da ita. Ta ƙara da cewa ita ba ta san me za ta yi da ungulaye huɗu ba, amma al'ada al'ada ce. Casilda ta ce ta ji.

Wajen ƙarfe huɗu rediyon wani gida ya ɓarke da kiɗa, fankoki suka tashi, unguwa ta ɗauki ƙara. An kawo wuta. Ta ɓarakar shingen ana hango ƙofar bayan Casilda a buɗe, da firjin da ta bari a buɗe, fitilar na haska ragar jera ƙwai ba komai a kai.

"To, ga injinki ya huce," in ji Onelia. "A mayar?"

Casilda ta dubi bahon. Kazar ta lumshe ido ɗaya, wuyanta har yanzu da danshi.

"Bar su."

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki kwanon da rigar, ta koma ta gindin gwaiba. A ɗakin baya ta tsaya gaban firjin, fankar na juyawa, ma'aunin zafin na lilo a zarensa yana hawa a hankali zuwa inda Evaristo ya yi masa alama da jan fenti. Ta jira har ya kai. Sannan ta sunkuya ta zare wayar daga bango, ta ninke rigar ta ajiye a ciki, ta rufe ƙofa.

Ƙarfe biyar lokacin juyi na uku ne. Lokacin ya zo ya same ta a tata kujerar lilon, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa, tana barci.