Mai Dariya a Bayan Gawo

Malama Delu ba ta ba ɗalibanta na lakol, makarantar bokon garin Agiye, shafin intanet sai ta tace shi da kanta. Wannan makon suna binciken abin da ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo.

Bidiyo ɗaya kawai ta samu mai gaskiya, manoman garin Sae Sabuwa suna bayani a gonarsu. Sai dai a bayansu wata yarinya ta gifta da tulu a ka, tana dariya. 'Yar Delu ce ta fari, wadda zazzaɓi ya yi ajalinta a gidan kakarta can Sae Sabuwa bara waccan. Delu ta so ta ɓoye bidiyon, amma babu wani da zai amsa wa yaran tambayarsu.

Ta kunna musu a wayarta.

"Madam, wannan mai dariyar kamarku ɗaya!" in ji Sabo, sarkin surutun ajin. "Yaya sunanta?"

Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ko tana raye. Sunan ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi.

"Ku dubi itacen," ta ce.

Yaran suka roƙa a maimaita, yarinyar ta sake giftawa.