Furen Zauren Gidan Yeoh

Gidanmu na tsibirin Penang kakan kakata ne ya gina shi, Yeoh mai kuza, tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Ginshiƙansa na ƙarfe daga Sikotilan aka lodo su a jirgin ruwa. Idan hantsi ya bugi gilashin tagogin, ja da kore, sai ka ga mutum ya tsaya cak ya manta abin da ya shigo ɗauka. Tayil ɗin daɓen zaure kawai ne abin dariyar dangi. Daga Ingila ya zo, amma an jera shi kamar an watsa wa kaji tsaba. Wai magina ne ba su iya karanta Turanci ba.

Yayana Boon Hock, sarkin gyara, ya kawo ma'aikata su ɓamɓare shi a sake jerawa. Ni kuwa ko a jikina.

Kakarmu Ah Ma, da idonta ya daɗe da tafiya, ta ji ƙarar guduma.

"Wane marar kunya ne ke fasa mini zaure?"

"Gyara ne, Ah Ma. Kuskuren mutanen da nake daidaitawa."

"Kuskuren gidanku! Ke Swee Lian, jikata, kama ni mu hau sama. Kai ma biyo mu, mai kai kamar kwakwa."

A tsakiyar ɗakin 'yan mata ta lalubi daɓen katako da sandarta, ta ce in zare wani ɗan toshi. Huda ce, faɗin bakin kofin shayi.

"A da budurwa ba ta sauka idan an yi baƙi. Ta nan muke leƙen manemanmu. Kakana ya ce 'ya'yansa ba za su leƙa su ga sanƙon tsofaffi kaɗai ba. Duba."

Na durƙusa na sa ido. Kai! Tarkacen nan da muka girma muna takawa muna dariya ya haɗe ya zama fure guda, ƙato, ruwan hoda cikin ganye shuɗi, ya cika zauren kaf. Daga nan kaɗai ake ganinsa.

Boon Hock ya ture ni ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Yana nan?" in ji Ah Ma. "Gaya mini."

"Yana nan, Ah Ma," ya ce. "Ganye ɗaya ne babu."

Ya sauka da gudu ba takalmi, yana ihu kada kowa ya kuskura ya zubar da ɓaraguzan nan.