Lasifikar Kunnen Baba

Shekara biyu da rasuwar Inna, Baba ya tono wani tsohon kaset da ta ɗaukar masa lokacin yana aiki a nesa. Ya sa a rediyo, ya kasa kunne, sai ya ture.

"Gunaguni kawai nake ji," ya ce. "Ba ta ciki."

Tana ciki mana. Kunnensa ne ya tsufa: sauti mai kauri yana shiga, siririn da ke rarrabe kalmomi kuwa ya daina. Na ce zan haɗa masa lasifikar da zai ji ta tar. Shekara goma sha biyar ina gyaran rediyo, ba na cika baki a banza.

Yaya kafinta ne, shi ya ɗauki aikin akwatin lasifikar, ya kuma wuce gona da iri. Ya shigo shagona yana haki, rungume da ufa, wato lasifikar sauti mai kauri, mai inci goma sha biyar.

"Ƙanwata, wannan ko kurma sai ya ji."

"Yaya, taga za mu girgiza ko Baba za mu jiyar?"

Na ɗauko 'yar inci shida marar nauyi, wadda ta iya muryar mutum, da ƙaramar tuwita ta siririn sauti. Ya yi tsaki, amma ya auna ya yanka katakonsa daidai.

Saura kurosoba, ɗan allon da ke raba sauti. Naɗin waya ya tura kauri ga ufa, kwandensa ta tura siriri ga tuwita. Littafin gyara ya ce a raba sautin a ma'aunin dubu uku, a sa razista a rage wa tuwita kaifi. To, mai littafin bai san Baba ba.

Na zaunar da shi a kujerarsa, na kunna labarai, ina sauya kwandensa ina kallon fuskarsa. Kaset ɗin ban taɓa ba, ya yi laushi, ba zan ƙarar da shi a gwaji ba. Da na sauko da rabon zuwa dubu biyu, girarsa ta ɗaga. Da na cire razistar gaba ɗaya, ya gyara zama.

Yaya ya toshe kunne. "Wannan ai cokali ne ake gogawa a kwano. Mutane za su ce ban iya akwati ba."

"Ba mutane aka yi wa ba, Yaya."

Na liƙe wayoyin da dalma, na ɗaure sukurori, na sa kaset. Na danna maɓallin kunnawa.

Muryar Inna ta fito da kaifi, har ta soke mu a kunne.

"Malam, ka ce tarin ya tafi, ni dai ban yarda ba. Kana shan maganin kuwa?"

Baba ya matso har gwiwarsa ta taɓa akwatin.

"Ina sha," ya ce a hankali. "Wallahi ina sha."