Ledar Bakin Tanki

Kawu ya sake turo tsohuwar a-kori-kurarsa garejina da kukan da ya saba: tana tashi lafiya, amma da an ɗan yi nisa sai ta fara shessheƙa ta mutu.

Na ɗaura mata gejin gwada ƙarfin mai. Allurar ta hau daidai, can sai ta riƙa sauka kamar mai gyangyaɗi. Na canza filta, na hura tiyo har bakina ya koma fetur, na kwance famfon mai na mayar. Duk a banza.

Da haushi ya ishe ni na zagaya wajen tanki. Ashe an naɗe murfin da leda, an ɗaure da roba tam. Ina kwancewa tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Kawu, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni mana. Ta nan rana ke shanye mini mai."

"Haba Kawu! Ai sai tanki ya sha iska famfo ke iya jan mai."

Ya karɓe ledarsa ya ninke a aljihu. "To bar shi ya sha ya ƙoshi. In mun je gida na mayar."