Ɗigo Arba'in da Uku

Zazzaɓi ya kama Saje Barau tun da hantsi, amma wa zai ba shi hutu? Yaƙi ya buɗe baki uku, hamada a arewa, kogi a gabas, duwatsu a kudu, kuma duk hoton da jirgin leƙen asiri ya ɗauko a kan teburinsa yake sauka. Aikinsa ke nan: ya duba, ya zagaye da jan biro, jirage su je su zuba wuta. Ran nan ya zagaye wani fili a hayin kogi. Ɗigo arba'in da uku ne a sahu guda, kowanne da wani dogon abu a hannu. Ya rubuta "mayaƙa", ya sa hannu. Bayan azahar kansa ya yi nauyi, ya kifa shi a kan taswira, wai ya ɗan runtsa.

Sai taswirar ta yi ruwa kamar koko, ya nutse.

Bai kai ƙasa ba wata shirwa ta cafke shi ta wuyan riga. Tsohuwa ce tukuf, fukafukanta na kwano, idonta ɗaya na gilashi.

"Ina za ki kai ni?"

"Gonarka. Ba kai ke shuka ba?"

Suka bi ta kan hamada. Rairayi ya narke yana tafasa, raƙuma na tafiya a cikinsa ba kawuna. Suka karkata kudu, ya ga duwatsu sun durƙusa sun rufe kai da hannuwa. Ko'ina akwai jan zobe kwance a ƙasa, kuma, wayyo, ya gane hannunsa ne, har da 'yar wutsiyar nan da yake bari in ya rufe da'ira. Cikin kowane zobe babu komai sai toka mai numfashi.

Ya so ya yi salati, harshensa ya zama takarda.

Kusa da kogi suka tarar da bama-bamai rataye a sama ba igiya, jere kamar tuluna a bakin rijiya. Ɗaya ya juyo, ya gaishe shi da ladabi.

"Sannu da aiki, maigida."

"Ni ba maigidanka ba ne!"

"To wa? Ni ba ni da ido. Naka nake ara."

Shirwa ta sake shi. Ya faɗo tim a kan ƙasa mai laima, ƙamshin damina ya doke shi. Rabonsa da wannan ƙamshi shekara goma sha tara, tun da ya bar ƙauyensu. Ga mutanen nan a sahu, sun duƙa, suna tafe tare suna ɗagawa tare. Ba su da fuska. Baƙin ɗigo ne a kan kowane wuya. A gabansu wani yana dukan ganga iya ƙarfinsa, amma ko ƙis ba a ji.

Wata tsohuwa ta taso daga gindin gawo da ƙwarya a ka. Ita kaɗai ke da fuska, ita ma rabi.

"Ɗan nan, karɓi fura."

Ya leƙa ƙwaryar, ya ga sama a ciki, da jirage biyu ƙanana kamar ƙudaje.

"Iya, me ya sa gangar ba ta magana?"

"Kai ka ɗauke mata murya. Hotonka yana ji ne?" Ta harare shi. "Ka ji min yaro! Kai da ka ci tuwon gayya har ka yi tumbi, yau ka ga gayya ka ce runduna? Gonar Marka ce, mijinta ya rasu, gari ya fito ya nome mata. Wane mayaƙi ka taɓa gani yana tafiya a duƙe, mata na jiransa da fura?"

Ya dubi hannuwansu. Fartanya ce. Wallahi fartanya ce, duk arba'in da ukun.

"Ku gudu!" Ya buɗe baki, ba sauti. Ya ruga ya kama na farko, hannunsa ya wuce ta jikinsa, ya fito jage-jage da jar tawada. Jan zoben ya taso daga kunyoyi ya kewaye gonar, yana matsowa. Su kuwa noma kawai suke. Inuwa ta rufe dawa. A sama wata murya ta ce, cikin ladabin nan dai, "Maigida, in sauko?"

Ya zabura, kujera ta kife. Fanka na juyawa, rigarsa sharkaf da gumi. Takardar da ya sa wa hannu ba ta kan tebur.

Ya faɗa ofishin Kyaftin Dikko, mai ba jirage umarni, ko sallama babu.

"Yallaɓai, filin hayin kogi! A tsayar da su, manoma ne!"

Kyaftin ya dubi agogo. "Saura minti uku su isa. Kai ka sa hannu, Barau. Me ka gani sabo?"

Me zai ce? Shirwa? Tsohuwa mai rabin fuska? Ya fizgo hoton daga bango, ya ƙura masa ido. Ɗigo ne kawai, ba ƙari.

Kyaftin ya ce, "In mayaƙa ne muka ƙyale su, gobe yaranmu na bakin gada za su kwashe. Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba, Yallaɓai. Da safe ma ban tabbata ba."

Kyaftin ya yi masa wani irin kallo, sannan ya ɗauki oba-oba ya kira matuƙan. Ya sake kira. Ya kira na uku, da ƙarfi. Barau ya riƙe gefen tebur yana jira, oba-oba kuwa sai shuuu take yi.