Katin da Aka Hana Desmond

Ƙanina Desmond yana da wata dabara da yake taƙama da ita, kuma shekara goma sha ɗaya ina gaya masa ba dabara ba ce. A nan garinmu Barnsley ba shi kaɗai ke yin ta ba. Mutum zai ci bashi da katin banki, in lokacin da za a fara ɗora masa ruwa ya matso, sai ya nemi sabon kati a wani bankin, su kwashe tsohon bashin, su ba shi wata goma sha takwas babu ruwa. Haka Desmond ya dinga cicciɓar bashinsa daga wannan banki zuwa wancan, kamar kyanwa mai sauya wa 'ya'yanta maɓoya.

Yakan ce min, "Yaya Beryl, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni dai ban taɓa ba su ko fam ɗaya na ruwa ba."

"To uwar kuɗin fa, sarkin wayo?"

"Tana nan lafiyarta ƙalau, tana gaishe ki."

Abin da sarkin wayo bai lissafa ba shi ne, albashinsa bankunan nan suke so, ba fuskarsa ba. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas, ya yi ritaya a watan Satumba, abokan aiki suka saya masa agogo. A Fabrairu wa'adin katinsa na bakwai ya cika. Ya nemi sabo yadda ya saba, ya rubuta fansho inda a da yake rubuta albashi, aka ce a'a. Ya ruga wani bankin, nan ma a'a. Bai san duk neman da ya yi yana barin tabo a sunansa, wanda banki na gaba zai gani ba. Cikin sati biyu banki biyar suka juya masa baya. Tusa ta ƙare wa bodari, ruwa ya fara hawa.

Wata Talata da safe ya zo gidana, ya zauna a kicin ko kwat bai cire ba. Na zuba masa shayi, na ce, "Nawa ne?"

"Dubu ashirin da uku da ɗari huɗu."

"Fam? Kai Desmond! Caca kake yi ko wata ka ajiye a gari?"

"Gidan teku ne, Yaya."

Matarsa Glenys tana da wani ɗan gida mai taya a filin masu hutu a bakin teku, kusa da garin Bridlington. Da gadon mahaifiyarta ta saya, kuma duk wahalar da ta sha tana girki a makarantar firamare, wannan ɗan gidan take hange. Shirinta, daga bana su tare can tun Afrilu har sanyi ya kore su. Ashe tunda aka soke aikin ƙarin lokaci a garejin bas, Desmond ya kasa biyan hayar filin daga aljihunsa, sai ya dinga ɗora kaso mai tsoka a kan kati, bai taɓa gaya mata ba.

Ya ce babu mafita sai sayar da gidan, kuma masu filin ba sa yarda a sayar wa kowa sai su. Gidan ya haura shekara goma sha biyar, don haka fam dubu shida suka taya. Ranar Asabar za a karɓi mukulli.

"Dubu shida? Ai ko rabin rabin bashin da ƙyar ya wuce!"

"Na sani. Amma hayar bana ma tana jira. Don Allah ki raka ni, ba zan iya faɗa mata ni kaɗai ba."

Na zage shi tas, har na gaji. Gaskiya kaina nake zagi tare da shi, don na san da katunan nan tun farko, amma ban taɓa gaya wa Glenys ba, wai kada in shiga tsakanin mata da miji. Kunya ta ishe ni.

Mun tarar da Glenys a kan keken ɗinki, da rawayen yadi baje a teburin cin abinci. Sababbin labulen gidan teku take yi.

Ta ce, "A'a, Beryl, yau da wuri? Kalli wannan yadin. Ƙaninki ya ce wai kamar ƙwai ya fashe. Mutumin da bai san bambancin shuɗi da kore ba!"

Babu wanda ya yi dariya. Desmond ya tsaya bayan kujera ya faɗi komai, idonsa a ƙasa. Na zaci za ta yi ihu, ina ma fatan ta yi, ko ta jefe shi da almakashi. Sai kawai ta ɗage ƙafarta daga keken.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Duk zaman da na yi a ƙofar gidan tekun nan ina shan iska, ina ce maka mun gode Allah ba wanda ke bin mu, kana ji na?"

"Ina ji, Glen."

"Ke ma kin sani, Beryl?"

Na ce na san da katunan, ban san yawan kuɗin ba. Ta gyaɗa kai, ba ta sake kallona ba.

"In an sayar, shi ke nan mun fita?"

Desmond ya ce saura dubu goma sha bakwai da ɗoriya. Ya ce in suka matse, wataƙila shekara tara. Glenys tana da sittin da takwas, kuma dukanmu mun yi lissafin a zuci.

Ta daɗe tana shafa yadin. Can ta ce, "Ka gaya wa masu saye tagar ɗakin kwana sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Kada su ɓalla ta da ƙarfi."

Desmond ya fashe da kuka, tsoho mai furfura, a tsaye. Ita ko ta mayar da ƙafarta kan keken, ta ci gaba da kalmasa bakin labulen.